Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Neman Abokin Koyon Harshe A Abuja

A ranar 3 ga watan Fabrairu, 1976, kwana goma kacal kafin a kashe shi, Janar Murtala Muhammad ya yi wa ƙasa jawabi cewa za a ɗauke babban birnin Tarayya daga Ikko a kai shi tsakiyar ƙasa. Daga cikin dalilan da kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya bayar na zaɓen wannan wuri har da cewa ba ya ƙarƙashin rinjayen ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun nan uku, saboda haka kowa zai zo ya zauna ba tare da jin cewa a gidan wani yake ba. A ranar 12 ga Disamba, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, jama'a kuwa suka yi ta kwararowa daga kowace kusurwa. Yau wanda ya shiga motar haya daga Mararaba zuwa kasuwar Wuse da sassafe, kafin ya sauka zai ji harshe biyar ko shida suna tashi a cikin mota ɗaya. Abin mamaki shi ne mutum zai shekara ashirin yana jin waɗannan harsuna a kunnensa, a ofis da kasuwa da unguwa, ya yi ritaya ya koma garinsu bai ɗauki ko gaisuwar safe daga cikinsu ba.

Gwamnatoci sun yi nasu ƙoƙari, amma galibi a kan takarda. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce kowane yaro ya koyi ɗaya daga Hausa da Yarabanci da harshen Ibo ban da nasa na gida. Tsarin mulki na 1979 a sashe na 51, haka kuma na 1999 a sashe na 55, ya ce Majalisar Tarayya za ta gudanar da aikinta cikin Turanci, da kuma waɗannan harsuna uku idan an yi tanadin da ya kamata. Har yanzu ana jiran tanadin. A ƙarshen 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu. An kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ta Jihar Borno a farkon shekarun 1990, an kuma kafa cibiyar harsunan Nijeriya a Aba cikin 1993. Ko a watan Nuwamba na 2017 rundunar sojan ƙasa, a zamanin Laftana-Janar Tukur Buratai, ta umurci hafsoshi da ƙananan sojoji su koyi manyan harsunan uku kafin ƙarshen 2018. Duk waɗannan niyyoyi ne masu kyau. Sai dai ga yaro nan ya yi shekara uku yana Faransanci a ƙaramar sakandare, ya ci jarrabawa, a sauke shi a tashar Kwatano ya kasa tambayar inda ake sayar da ruwan sha.

Dalili kuwa a fili yake. Harshe a baki yake zaune, kuma baki ba ya sabawa sai da abokin magana. Wannan ba sabon ilmi ba ne ga Bahaushe. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja suna sayo goro ba su shiga aji ba, a masauki da bakin kasuwa suka tsinci harsunan mutanen da suka ratsa, su kuma suka bar musu Hausa, har ta zama harshen zango daga Salaga zuwa Kumasi. Turawa sun zo daga baya sun tsara abin, sun ba shi sunan keken nan mai sirdi biyu da mutum biyu ke tuƙawa tare, watau tandem. Wani malami Bajamushe, Jürgen Wolff, shi ya fara haɗa Jamusawa da mutanen Sifen biyu-biyu a birnin Madrid cikin 1979. Ƙa'idar ba ta da wuya: mutum biyu, kowa yana son harshen ɗan'uwansa, su raba lokaci daidai wa daida, rabi a wannan harshe rabi a wancan, ba mai biyan wani ko kwabo. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

To, a wannan ciniki Bahaushen Abuja yana zaune a kan jari bai sani ba. Masu neman Hausa a birnin nan ba su ƙidayuwa. Akwai likita ko ma'aikaciyar jinya 'yar Kudu da ke duba marasa lafiya a Gwagwalada ko Kubwa, wadda ba ta iya tambayar tsohuwa inda ke mata ciwo sai an nemo tafinta a cikin masu jiran layi. Akwai ɗan kasuwa Ibo da ke sayar da kayan gini a Dei-Dei, wanda rabin masu sayensa da dukkan masu yi masa dako Hausa suke ji. Akwai masu yi wa ƙasa hidima da ake horarwa a sansanin Kubwa, akwai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ake turawa Arewa daga hedkwatarsu ta Abuja, akwai jami'an ofisoshin jakadanci, akwai 'yan sanda da sojoji. Kowane ɗayansu yana riƙe da wani harshe da Bahaushe ke bukata.

Bukatar kuwa ba ta wasa ba ce. Sau da yawa saurayi ya fito daga jami'a da takarda mai kyau, Turancinsa na rubutu ba laifi, amma a kira shi ganawar ɗaukar aiki bakinsa ya yi nauyi, domin tun da yake bai taɓa yin hirar rabin awa cikin Turanci ba tare da ya tsere zuwa Hausa ba. A ba wani aikin, shi kuma ya koma yana cewa an yi masa ƙabilanci. Wani lokaci gaskiyarsa ce, wani lokaci kuwa bakinsa ne ya kāshe shi. Haka batun Faransanci. Ƙasashe huɗu da suka yi iyaka da Nijeriya ta tudu, watau Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, duk da Faransanci suke aikin ofis. Hedkwatar ƙungiyar ECOWAS tana Abuja, kuma ko da yake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a watan Janairu na 2025, Benin da Togo da Kwaddebuwa da Senegal da Gini suna nan, aiki a can kuwa mai harshe biyu yana gaban mai harshe ɗaya. Ga kuma almajirin da ya sauke Ajurumiyya, ya haddace Alfiyyar Ibn Malik baiti dubu, zai iya feɗe jimla ya faɗi dalilin kowane wasali, amma a ajiye shi a kasuwar Jidda ya rasa yadda zai yi cinikin darduma.

Akwai wata cuta da yaɗuwar Hausa ta jawo wa mai ita. Da yake kowa yana ƙoƙarin koyon harshensa, sai Bahaushe ya miƙe ƙafa ya ɗauka ba shi da bukatar na kowa. Ɗan Tangale ko Babur ko Bajju yakan tashi da harshe uku, nasa da Hausa da Turanci, Bahaushen da ke kusa da shi a ofis kuwa yana da ɗaya da rabi. A wurin taro su sukan ji abin da yake faɗa, shi ba ya jin nasu. Wanda ake ji ba ya ji, ai ba shi ne mai riba ba.

Kafin a zo ga yadda ake zaɓen aboki, yana da kyau a waiwayi tarihi, domin Hausawa sun daɗe suna wannan musaya da baƙi, kuma ba kullum aka raba riba daidai ba. Wani yaro mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, an kama shi bauta yana ƙarami har aka kai shi Kukawa ta Borno. Can wani Bature, Adolf Overweg, ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852 sai suka koma hannun Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, suka bi shi har Tambutu, ya kuma tafi da su Turai a 1855. A Ingila Dorugu ya zauna a gidan wani limamin Kirista, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da Hausa. Shekara da shekaru yaron nan yana magana Schön yana rubutawa, tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa da duk abin da ya gani a tafiya. Daga bakinsa aka sami mafi yawan abin da ya shiga littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876 da littafin Magana Hausa na 1885. Dorugu ya sami Turanci da karatu, ya dawo gida a 1864, ya yi aikin tafinta, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Schön kuwa ya sami lambar girma a Faransa da digirin girmamawa na Jami'ar Oxford, sunansa ne kuma a bangon littattafan. Sai a 1971, da Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fito da labarin cikin Turanci, duniya ta waiwayi yaron da kyau. Irin wannan ta faru da ƙamus ɗin Abraham: bugun 1949 ya fito da sunan Malam Mai Kano tare da nasa, bugun 1962 ya fito da sunan Bature shi kaɗai.

Amma akwai misalin da ya fi wannan daɗi. Bayan gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Dokta Rupert East na ofishin talifi a Zariya ya nemi a ba shi aron Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina. A 1936 suka zauna tare wata shida. East yana nuna wa Imam dabarun tsara littafi yana kawo masa labaran ƙasashe, shi kuma yana ƙara tsintar Hausa daga bakin gwani. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, da sunan Imam a kansa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 Imam aka ba kujerar edita, littafin Ikon Allah kuma ya fito da sunayensu su biyu. Kowa ya tashi da abin da bai zo da shi ba, kuma kowa ya san haƙƙin ɗan'uwansa.

Saboda haka abin da mai nema zai fara dubawa shi ne ko wancan yana bukatarsa kamar yadda shi yake bukatar wancan. Idan ɗaya yana nema ne da gaske, ɗaya kuwa alfarma kawai yake yi, to zaman ba zai kai wata guda ba. Mai alfarma zai fara da cewa yau akwai taro a ofis, gobe ya ce mota ta lalace, jibi ya daina ɗaukar waya. Ya fi kyau a sami wanda wata lalura ta matsa masa, kamar likitar nan da ke jin kunyar neman tafinta kowace safiya, ko ma'aikacin da aka ce za a mai da shi Sakkwato nan da wata uku. Irin waɗannan su ne ke riga mutum zuwa wurin haɗuwa.

Na biyu, ba duk wanda aka haifa cikin harshe ne ya isa a koya daga bakinsa ba, kuma wannan ya shafi ɓangarorin biyu. Akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Maitama ko Gwarimpa waɗanda a jimla ɗaya sai sun zuba kalmar Turanci uku, ba su san sunayen watanni na Musulunci ba, ba su san bambancin kawu da baffa ba. Baƙon da ya ɗauki irin wannan aboki Ingausa zai koya. Akwai kuma Hausar bariki, wadda ba ta raba namiji da mace, tana biyan bukata a tasha amma ba a shiga da ita gaban dattawa. Haka nan wanda ke neman Turancin ganawar aiki, idan ya haɗu da abokin da Turancin buroka ya fi zama a bakinsa, zai fito da abin da zai yi masa amfani a kasuwar Wuse amma ba a gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata ba. Mai neman Larabci shi ma ya san wanne yake so, na littafi ko na Masar ko na Sudan ko na Shuwa, gama ba ɗaya ba ne. Wajibi ne tun ranar farko kowa ya faɗi abin da zai yi da harshen, a asibiti ne ko a kasuwa ko a ofis, domin a san irin kayan da za a auna masa.

Na uku shi ne mafi wuya ga Bahaushe, watau gyara. An tarbiyyantar da shi a kan kara da kawaici, ba ya son ya kunyata mutum, balle babba. Baƙo zai ce "matata ya zo", a amsa masa da "Madalla, ranka ya daɗe, ai ka iya Hausa kamar jakin Kano." Ya tafi yana murna, ya shekara goma yana maimaita kuskuren nan, ana dariya bayan ya ba da baya. Wannan ba kirki ba ne, cin amanar mai koyo ne cikin ladabi. Hausa kuwa tana da tarkuna da ba a ganinsu a rubuce. Gari na mutane da gari na tuwo harafinsu ɗaya, tsawon wasali ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ya raba su. Baki da baƙi, kura da ƙura, kafa da ƙafa, lanƙwasar nan da baƙo ba ya ji a kunnensa ita ce ta raba su, kuma wanda ya ce kura ta shiga masa ido ya ba da labarin da ba shi ya yi niyya ba. Ba littafin da zai gyara wannan sai mutum mai haƙuri da zai ce a sake, a kuma sakewa, har sau goma. Bahaushe ma yana da nasa. Harafin nan na Turanci da ake rufe leɓɓa a fashe da shi yakan rikiɗe masa ya koma fa, har mai suna Peter ya zama Fita. Idan ya shiga Yarabanci zai tarar da karin sauti hawa uku maimakon biyun da ya saba da su, inda kalma guda a rubuce za ta iya zama miji ko mota ko fartanya. A harshen Ibo kuwa akwa tana iya zama ƙwai ko tufa ko gado ko kuka. Abokin da zai ji an kira mijinta fartanya ya yi murmushi ya wuce, ba shi da amfani.

Amma fa gyara ma yana da iyaka. Akwai wanda ba ya barin mutum ya kai ƙarshen jimla sai ya tare shi, har mai koyo ya tsorata ya kama bakinsa. Abin da ya fi shi ne a bar mutum ya gama maganarsa, abokin yana riƙe da 'yar takarda yana rubuta kuskure uku ko huɗu mafiya girma, a ƙarshe a bi su ɗaya-ɗaya. Sauran a bar su sai wani zama. Don haka ne ma ya fi kyau abokan su zama tsara, ko kusa da haka. Masinja ba zai gyara wa darakta magana ba ko an rantsar da shi, haka ɗalibi da malaminsa.

Wani abin da ke kashe irin wannan zama a Abuja musamman shi ne Turanci. A Madrid mutum biyun nan ba su da wani harshe na uku da za su gudu zuwa gare shi, a nan kuwa akwai. Bahaushe da Bayarabe za su zauna da niyyar rabin awa Hausa rabin awa Yarabanci, da an ɗan sami cikas sai ɗaya ya yi bayani da Turanci, ɗayan ya amsa da Turanci, kafin a farga awa ta ƙare ana gardamar siyasa ko ƙwallon Ingila, ba wanda ya ƙaru da komai. Maganin wannan agogo ne da yarjejeniya. A ajiye agogo a tsakiya, a ce daga nan zuwa nan ba a yarda kowa ya fita daga harshen da ake ciki ba, in kalma ta ɓace a yi nuni da hannu ko a zana ta. Kuma wanda ya fi rauni a harshen da yake koyo shi za a fara da nasa rabon, tun kafin a gaji.

Game da inda za a sami abokin, mutane sukan ɗaga kai su duba nesa alhali yana kusa. Cibiyar al'adun Faransa tana Wuse II, ta Koriya ta Kudu an buɗe ta a 2010, ta Sin ma tana nan, kuma duk suna koyar da harsunansu, wanda ya shiga aji a can zai haɗu da masu nema irinsa. Sai dai ba kowa ke da kuɗin aji ba. Mai neman Faransanci ya leƙa wuraren gine-gine na Lugbe ko Lokogoma, zai tarar da magina da masu shimfiɗa tayil 'yan Togo da Benin, da yawansu sun yi makaranta, kuma suna matuƙar bukatar Hausa da Turanci don cinikin aikinsu. Akwai 'yan Nijar da suka yi lakwal, waɗanda ke da Faransanci suna neman Turanci, ga kuma Hausa a tsakani ta sauƙaƙa bayani. Ko da yake a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa ta mai da Faransanci harshen aiki, masu jin sa ba su ragu ba. Mai neman Yarabanci ko Ibo kuwa, sau da yawa abokin nasa yana teburin da ke kallon nasa a Sakatariyar Tarayya, shekara biyar suna gaisawa da Turanci. Nisan unguwanni abin lura ne. Wanda ke kwana a Suleja da wanda ke kwana a Nyanya, in suka ce sai sun koma gida za su haɗu, cunkoson hanya da kuɗin mota za su raba su. Gara a yi abin a lokacin hutun rana kusa da wurin aiki, sau biyu a mako, ya fi a ɗauki alkawarin awa uku ranar Asabar a riƙa saɓawa.

Wayar hannu ta zo da nata sauƙi. Akwai manhajoji irin su HelloTalk da Tandem da aka yi musamman don haɗa masu musayar harshe, mutum yana Kuje ya sami aboki a Alkahira ko Dakar ko Beijing, kuma saƙon murya na WhatsApp yana ba mai koyo damar ya saurara ya sake saurara. Amma wanda ba a gani ba sai an yi hattara da shi. Alamomin mugun aboki ba su ɓuya. Wanda tun a mako na farko ya fara kawo labarin mahaifiyarsa tana asibiti, ko ya ce yana da hanyar biza, ko ya nemi lambar asusun banki, ko hirarsa kullum ta karkata ga neman hoto, wannan ba harshe ya zo nema ba. Haka wanda ya mai da kowane zama wa'azin jawo mutum zuwa addininsa ko ɗariƙarsa ko jam'iyyarsa. Idan hirar waya za ta koma ta ido da ido, a haɗu da rana a bainar jama'a, kamar lambun Millennium ko bakin tafkin Jabi, a kuma sanar da wani a gida. Mazauna Abuja sun san labarin motocin ɓarayi masu shigar burtu da kamannin tasi, ba sai an tuna musu cewa ba a shiga motar wanda ba a sani ba don ya iya gaisuwa da Faransanci. Ga 'ya mace kuwa, abin da ya fi kwanciyar rai gare ta da iyayenta ko maigidanta shi ne ta nemi mace 'yar'uwarta, kuma ba su yi ƙaranci ba, a asibitoci da makarantu da kasuwanni. Su ma 'yan Nijeriya su sani cewa sunan da 'yan damfara suka jawo wa ƙasa yana sa baƙi ɗari-ɗari da su a waɗannan manhajoji, saboda haka wanda ya sami abokin kirki a waje kada ya kuskura ya roƙe shi ko kuɗin kati.

Kada a ɗaura aure da aboki tun ranar farko. A yi zama huɗu na gwaji. In bayan zama huɗu mutum ya ga abokin yana zuwa a kan lokaci, yana ba shi rabonsa cikakke, yana gyara masa ba tare da wulaƙanci ba, kuma ya fita da jimloli goma da zai iya amfani da su gobe, to ya riƙe shi da kyau. In ba haka ba a rabu cikin mutunci, Abuja da faɗi. Kuma a riƙa zuwa da abin da za a tattauna, kamar yadda ake cinikin doya, ko yadda ake gaida wanda aka yi wa rasuwa, ko yadda ake ba babba haƙuri. A nan ne amfanin mutum ya fi na littafi nesa ba kusa ba, domin shi zai gaya wa Bahaushe cewa Bayarabe ba ya kiran babba da lamirin mutum ɗaya, shi kuma Bahaushe ya gaya masa cewa ba a shiga zance sai an tambayi gajiya da iyali da aiki, kuma matar kirki a da ba ta kama sunan ɗanta na fari.

Saura harshe ɗaya da ba a cika jin mai nemansa ba a wannan kasuwa, shi ne na masu masaukin. Kafin a zo da motocin rusau, ƙasar nan ta Gbagyi ce da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana, kuma suna nan a Garki da Karu da Bwari da Ushafa da Kwali. Kusan dukkansu sun koyi Hausa, tun zamanin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa tsohuwar Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Hausawan da suka koyi nasu kuwa ana iya ƙirga su. Abin da ya fi muni, sai aka ɗauki sunan da Hausawa ke kiransu da shi aka mai da shi sunan gurɓatacciyar magana, duk wanda harshensa ya karkace a ce yana gwaranci, alhali mutumin da ake yi wa dariyar yana magana ne da harshensa na biyu ko na uku. Mai karatu ya ciro takardar Naira 20 daga aljihunsa ya duba. A gaba hoton Murtala ne, wanda ya zaɓi wurin. A baya Ladi Kwali ce tana ginin tukunya, 'yar ƙasar Kwali, wadda ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja cikin 1954 har sunanta ya kai Turai da Amurka. Tun 2007 ake rubuta darajar takardar cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, ban da Turanci. Harshen Ladi ba ya ciki, kuma matan da ke sauke doya da itace daga kafaɗa a kasuwannin Bwari da Gwagwalada har yau da Hausa ake taya kayansu.